Muhammadu Gardo Bakwakwa, Jikan Katsinawa

Yau ga tarihin Muhammadu Gardo Bakwakwa. An haife shi a Zugu, cikin ƙasar Benin ta yanzu, a gidan Musulmi, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. An sa shi makarantar allo, amma bai jure ba, ya gudu.

Wajen 1845 aka sayar da shi, aka ƙetare da shi teku zuwa Barazil, ya sha uƙuba a hannun wani mai gashin burodi. A 1847 sabon ubangidansa ya tafi da shi Niyok cikin jirgin ruwa. Can masu yaƙi da bauta suka taimake shi ya tsere zuwa Haiti, inda 'yan mishan suka riƙe shi har ya shiga addininsu.

Karatun da ya guje wa yana yaro, shi ya koma nema da girmansa, ya yi shekara uku a wata kwaleji a jihar Niyok. A 1854 aka buga labarinsa a Detroit, ya tona azabar da ake gana wa bayi cikin jirgi. A 1855 ya nufi Ingila, yana neman hanyar komawa gida.

Allah ya raba mu da zalunci, amin.