Auguste Vestris, gajeren da ya fi dogaye tsalle

Yau za mu kai ku Faransa ta shekaru ɗari biyu da suka wuce, wajen wani mutum da rawa ce sana'arsa, da ita ya ci, da ita ya shiga kaso.

A rawar bale ta Turawa, namiji ana kiransa danseur, kalmar faransanci, domin a Faransa aka tsara rawar, inda sarki Louis na 14 ya kafa majalisar malaman rawa a 1661. Zamanin da muke magana, maza kashi uku ne. Danseur noble dogo ne mai kwarjini, shi ke fitowa a matsayin sarki ko jarumi. Demi-caractère matsakaici ne mai zafin nama. Comique kuwa mai ban dariya. Tsawonka ke zaɓa maka rumfa, ba kai ba.

An haifi Auguste a birnin Pari a 1760. Ubansa Gaétan ɗan Italiya ne, babban danseur noble, uwarsa Marie Allard ita ma mai rawa. Yana ɗan shekara 12 ya fara fitowa a gidan Opera. Sai dai bai gaji tsawon uban ba, rumfar noble ta fi ƙarfinsa. Bai tsaya kuka ba: ya duƙufa kan tsalle da juyi har ya zama premier danseur, watau na gaba cikin maza. A 1781 yana Landan, har majalisar Ingila ta ɗage zamanta don a je kallonsa.

Suna kuwa yakan kumbura kai, mu ƴan radiyo mun san wannan. A 1784 sarki Gustav na 3 na Suwidin ya zo baƙunta, sarauniya Marie-Antoinette ta so Auguste ya yi rawa. Ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ƙi. Aka kai shi kurkukun La Force. Da ya fito ya koma dandali, ƴan kallo suka tarbe shi da ihu, wasu na son ya durƙusa ya nemi gafara. Ƙafarsa ce ta ba su amsa, ihun ya koma tafi.

Ya bar dandali a 1816, ya koma koyarwa. Cikin almajiransa akwai August Bournonville na Danmak da Jules Perrot. Yana da shekara 75 ya sake taka rawa da Marie Taglioni. Ya rasu a Pari ranar 5 ga Disamba 1842. Muƙamin étoile, watau tauraro, wanda ya fi premier danseur, sai wajejen 1940 Opera ta fara ba da shi.