Tarihin Likita Sisili Wiliyams, Wadda ta Saurari Uwayen Goyo

 A wannan fitowa mun ga ya kyautu mu kawo muku tarihin wata likitar yara wadda ba ƴar ƙasarmu ba ce, amma aikinta ya shafi kowane gida inda ake goyo da yaye. Sunanta Sisili Wiliyams. Ta rasu tun 1992, amma har yau likitocin duniya suna kiran wata cutar yara da sunan da ita ta koya daga bakin matan Afirka.

An haife ta ran 2 ga watan Disamba 1893 a tsibirin Jamaika, can ƙetaren teku wajen Amurka. Iyayenta Turawa ne masu gonaki, ubanta kuma ya riƙe shugabancin ilmi na tsibirin. Tana da shekara 13 anka aike ta lakkwal a Ingila. Ta samu wuri a jami'ar Oksfod, amma guguwa ta yi ɓarna a gida, sai ta koma ta taimaki iyayenta. Ubanta ya rasu a 1916. Lokacin ana cikin yaƙin duniya na farko, maza sun tafi fagen daga, likitoci sun yi ƙaranci, shi ya sa anka buɗe wa mata ƙofar karatun likita a Oksfod. Tana cikin matan farko da sunka shiga, ta gama a 1923 a wani babban asibitin Landan, tana kusan shekara 30.

Da anka gama yaƙi maza sun dawo, aiki ya yi wa mata wuya. Ta yi shekara 2 a asibitin yara na wata unguwar talakawa a Landan, ta kuma yi aiki cikin ƴan gudun hijira a ƙasar Girka. Daga nan ta koyi cututtukan ƙasashe masu zafi, a 1929 gwamnatin Ingila ta tura ta Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da albashi ƙasa da na maza abokan aikinta.

Dattawanmu sun san wannan ƙasa. A shekarun nan ne kakanninmu ke sauka Kumashi da Ankara ta bakin teku, wasu fataucin goro, wasu dako, suna kwana a zango. A garuruwan nan biyu, da kuma Koforiduwa, Likita Sisili ta yi aikinta shekara 7.

Ga abin da ta riƙa gani. Ana kawo mata yara tsakanin shekara 1 da 4, ƙafafu da hannuwa sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa kamar wadda wuta ta ƙona, ga zawo, ga kuka, ba sa son abinci. Da yawa suna mutuwa. Littattafan da ta karanta a Ingila ba su ambaci wannan cuta ba. Maimakon ta raina mutanen ƙasa, sai ta zauna da uwaye da kakanni da matan da ke aiki tare da ita, tana tambaya: me yaron ke ci, yaushe anka yaye shi, wa ke riƙon shi. Nan ta ji cewa ƙabilar Ga ta Ankara suna da sunan cutar tun da daɗewa, suna ce mata kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro in an tumɓuke shi daga nono saboda ƙane ya taho. Mu ma a nan mun san kwanika, mun san abin da take jawo wa ɗan goye.

Ta gano cewa yaran nan ba hatsi sunka rasa ba. Cikinsu yana cika da kokon masara, amma babu abin gina jiki a ciki, ba nono, ba ƙwai, ba kifi, ba nama. Da ta duba gawar waɗanda sunka rasu, ta iske hantarsu ta cika da kitse. Waɗanda anka kawo da wuri kuwa, in ta ba su madara da man hantar kifi, sai kumburi shi saɓe su tashi. Ta rubuta wannan a mujallar likitocin yara ta Ingila a 1933, ta sake rubutawa a 1935, inda ta sa sunan kwashiyoko.

Manyan likitocin Landan ba su yarda ba. Sunka ce wata tsohuwar cuta ce ta masu cin masara da ake kira felagira, likitar ce ba ta gane ba. Ta amsa musu da abin da idonta ya gani: felagira ta fi kama manya, tana ɓata fata wurin da rana ke duka, wannan kuwa ƙananan yara take kamawa. Ba su saurare ta ba a lokacin. Sai a 1952, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta sa anka yi a ƙasashen Afirka, sunan kwashiyoko ya zauna daram, gaskiyarta ta fito.

Wani abin da mata sunka so ta dominsa shi ne, a zamanin da ake raba yaro marar lafiya da uwarsa a asibiti, ita ta bar uwaye su zauna kusa da ɗiyansu, su ba su mama, su koyi dama abincin da ya dace kafin a sallame su.

A 1936 anka ɗauke ta anka kai ta Malaya, can gabashin duniya. A birnin Singafo ta iske wata masifa daban. Kamfanonin madarar gwangwani suna tura mata sanye da fararen kaya irin na ma'aikatan asibiti, gida gida, suna nuna wa masu jego cewa gwangwani ya fi mama. Talaka ta saya, yaro ya daina tsotso, nono ya ƙafe. Kuɗi sun ƙare, sai ta riƙa tsinka madarar da ruwa mai yawa, ruwan ma ba mai tsabta ba, zawo da rama su ɗauke jariri. A 1939 ta tsaya gaban manyan attajiran birnin ta faɗa musu a fili cewa irin wannan talla daidai take da kisan kai. Ku lura, madarar da ta yi magani da ita a Gwalkwas ga yaron da anka riga anka yaye, ita ce ta yaƙa a Singafo da anka sa ta a madadin nonon uwa.

A watan Disamba 1941 sojan Japan sunka shigo Malaya, a Fabrairu 1942 Singafo ta faɗi. Likita Sisili ta riƙa kwasar yara marasa lafiya daga wuri zuwa wuri ana ruwan bom, har anka kama ta anka kai ta kurkukun Cangi. A can ma ta ci gaba da duba mata da yara. A watan Oktoba 1943 ƴan sandan asirin Japan sunka ɗauke ta, sunka tsare ta wajen wata 5 cikin ƙunci da yunwa. Ta fito ta rame ƙwarai, cutar rashin abinci ta kashe mata jijiyoyin ƙafa har ƙarshen ranta. Jarirai 20 anka haifa a wannan tsarewa, duka da nonon uwa anka shayar da su, duka 20 kuma sun rayu har anka buɗe kurkuku a 1945.

A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Janeba. Daga baya ta koma Jamaika ta jagoranci binciken wani ciwon amai da ke kashe yara, ta koyar a Landan, ta koyar a Berut a farkon shekarun 1960, inda ta yi aiki cikin Falasɗinawa ƴan gudun hijira. Ta yi tsawon rai har ta ga shekarar 1981, da ƙasashen duniya sunka amince da ƙa'idar taƙaita tallar madarar jarirai, shekara 42 bayan jawabinta. A 1986 jami'ar Gana ta karrama ta. Ta rasu a Oksfod ran 13 ga watan Yuli 1992, tana da shekara 98. Ba ta yi aure ba, ba ta haifi nata ba, ɗiyan wasu ta yi wa hidima.

To, ƴan uwa, mun kawo wannan tarihi don tamowa ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya ga shekarar 2005 a Maradi da Damagaram da Tawa ya san fuskarta. Ku masu ci-rani, in kuna haɗa tsaraba, kada ku ɗauki gwangwanin madara alamar arziki ga mai jego. Ku aiko da abin da uwa za ta ci ta ƙoshi, nono shi zo. Likitoci sun ce wata 6 na farko nono kaɗai ya ishi jariri, ba ruwa ba jiƙo, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, wanda ya yi daidai da al'adar iyayenmu.

Ku kuma dattawa da kakanni, ku ake kai wa yaro ranar yaye. Kada kunun ya zama ruwan hatsi zalla. A sa masa gujiya ko garin wake, a ƙara nono, a ba yaro ƙwai da ganyen zogala, duk muna da su a gida. In kun ga ƙafar yaro ta kumbura, kun danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, ba ƙiba ba ce, a kai shi likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa. Rigakafi ya fi magani. Allah shi raya mana zuri'a, sai fitowa ta gaba.