Tarihin Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Duk wanda ya tashi a ƙasar Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san irin dattijuwar nan da ba a rasa ta a unguwa. In haihuwa ta zo da gardama ita a ke aikawa a kira, in mace ta rasu ita ke yi mata wanka, in wani tsoho ya kwanta ba shi da mai juya shi, ita ke leƙa shi da ɗan kunu a ƙwarya. Mun saba da ganinta har ba mu tambayar inda ta koyi wannan aiki, sai mu ce hali ne Allah Ya ba ta. Hali kam akwai shi, amma fa akwai koyo. A ƙasar Sakkwato an yi wata mace wadda ta zauna ta shirya yadda za a riƙa horar da irin waɗannan mata, a naɗa su, a aike su ƙauyuka. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tun da ya ke mu ma horo ne ya tara mu a nan, ya kamata mu san labarinta.

Tushen al'amarin ya girme ta, kuma a ƙasar Zamfara aka kafa shi. Tun ba a haife ta ba, mahaifinta ya yi kamar shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, ya kuma zauna a Faru, garin da ke cikin ƙasar Maradun. Mata suka riƙa zuwa wurin wa'azinsa da yawa, har wani malami daga Barno, Malam Mustafa Gwani, ya zarge shi da haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman sani muni. Daga baya Shehu ya rubuta a cikin littafinsa Nurul Albabi yana kushe malaman da ke koyar da ɗalibai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. To, a gidan da ke da wannan ra'ayi aka haifi Asma'u.

An haife ta a Ɗagel a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Mahaifiyar ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, ciki har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Watau ita kanta ta fara sanin daɗin riƙon wanda bai haife ka ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun littattafai, har ta iya rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba sa'ad da aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai yaƙi ya bi yaƙi. A ƙarshen shekarar nan aka yi na Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka yi hasarar mutane kamar dubu biyu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu. A 1805 jama'a ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, ga yunwa, ga ciwo. Yunwar nan ce ma ta sa mayaƙa suka matsa wa Zamfarawa wajen neman abinci, har zumuncin da ke tsakani ya ɓaci. Yarinyar ta ga duk wannan da idonta. Ta ga yadda yaƙi kan tafi da majiya ƙarfi ya bar tsofaffi, da guragu, da matan da mazansu suka mutu, ba su da mai ɗebo musu ruwa.

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama wazirinsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi. Gidan Waziri ya zama masaukin baƙi da malamai. Baturen nan Kilafatan ma, da ya zo Sakkwato a 1824, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Asma'u kuwa tana cikin gida tana karantarwa, tana rubutu, tana taimakon mijinta da wanta wajen tattara littattafan Shehu. Abin da ta rubuta wanda ya iso gare mu ya kai guda sittin. Sunanta ya kai har ga malaman Shingiti, a ƙasar da a ke kira Muritaniya yanzu.

Da ta so, da ta tsaya nan, ta mutu babbar malama. Amma abin da ke faruwa bayan ganuwa ya dame ta. Bello ya kakkafa garuruwan ribaɗi don tsaron iyaka, Bakura na cikinsu, inda ƙanensa Atiku ya zauna kafin ya gaje shi a 1837. Waɗannan garuruwa da ƙauyukansu sun cika da mata, waɗansu an kamo su a yaƙi, waɗansu mazansu sun mutu, waɗansu sun tsufa nesa da danginsu. In ciwo ko baƙin ciki ya same su, ba inda suka sani sai wurin 'yan bori, gama a Gobir babbar mace mai riƙe da al'amuran mata ita ce Inna, shugabar bori. Hana mace zuwa wurin da ta saba samun taimako ba ya yiwuwa sai an ba ta wani wurin. Asma'u kuwa mutum ɗaya ce, matar aure, ba ta iya zaga ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sabo da haka, tun daga shekarun 1830, ta shiga shirya ƙungiyar da aka sani da suna 'Yan Taru. Ga yadda ta bi.

Da fari ta yi zaɓe. Daga kowane gari ta kan nemi dattijuwa mai hankali da amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita, ta sa ta shugabar mata. Ana kiran wannan shugaba jaji, kalmar da fatake suka sani, ta mai jan ayari. Ba ta ɗauko baƙuwa ta aza wa mutane ba, 'yar gari ta ɗauka, wadda ta san gidan da a ke kwana da yunwa ba a faɗi.

Na biyu, ta dubi wanda zai iya tafiya. Matan da ke tsakiyar aure da goyo ba su iya barin gida, don haka masu zuwa wurinta su ne 'yan matan da ba su isa aure ba, da manyan matan da suka gama haihuwa. Jaji ta kan tattaro su, su taho a ƙasa, su sauka wurinta a Sakkwato ko Wurno, su ɗauki karatu, su koma su kai wa waɗanda ke cikin gida. Da wannan dabara tsofaffin mata, waɗanda a ke gani kamar sun gama amfani, suka zama su ne ma'aikata.

Na uku, ta shirya abin koyarwa daidai da masu koyo. Yawancinsu ba su iya karatu ba, sai ta zuba darussa cikin waƙoƙi, gama abin da aka rera ba ya saurin ɓacewa, ana iya maimaita shi a bakin turmi ko wurin kaɗi. Da ya ke Hausa ce harshen yawancin mutane, ta mayar da abubuwa da dama cikin Hausa. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai Godaben Gaskiya, akwai kuma Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta 1837, wadda ta lissafa mata salihai tun daga iyalan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa matan zamaninta, don ɗalibai su sami abin koyi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Sha'anin magani ba baƙo ba ne ga jama'ar Shehu, gama Bello ya yi rubutu a kansa, haka kuma Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi kusa da Talata Mafara.

Na huɗu, ta yi naɗi. In jaji ta isa, Asma'u ta kan ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa da alamar Inna ta Gobir ce. Ba ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, sai ta ɗauke ta ta aza a kan malama. Duk wanda ya hangi malfa a hanya ya san ayarin 'Yan Taru ne, ya ba su hanya. Mu da mu ke jiran takardar shaida mun san abin da irin wannan ke yi wa zuciyar ma'aikaci.

Na biyar, ta haɗa karatu da aiki. Ana koya musu tsarki da salla da azumi, ana kuma sa ran ganinsu wajen jinyar marasa lafiya, da zama da mai naƙuda, da wankan gawa, da ta'aziyya, da sharar masallaci, da sulhunta masu faɗa. In za su zo, su kan riƙo sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu ko sawaye, ita kuwa ta raba wa mabukata. Ba a kuma yaye su gaba ɗaya a sallame su. Jaji ta kan yi ta dawowa, ta kawo sababbin ɗalibai, ta kawo tambayoyin da suka gagare ta, ta ƙara sani.

Akwai na shida, wanda mu a ganinmu ya fi sauran wuyar samu. Ta san darajar ma'aikatanta, ta kuwa rubuta ta. Ta yi wa manyan mutane marsiyya, kamar Bello da ya rasu a 1837 da mijinta Giɗaɗo, amma da alƙalamin nan ta yi wa matan da ba su da sarauta. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kirki da kyautata zumunci. Ta yi wa Zaharatu, ta ambaci yadda ta ke koyar da waɗanda ba su sani ba, da yadda ba ta nawa in an kira ta wurin haihuwa ko wankan gawa. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, wadda damina da kaka, hunturu da bazara, tana bisa hanya tana kawo mata ɗalibai. Ba don waɗannan marsiyyoyi ba, da yau ba wanda ya san an yi waɗannan mata. Masu aikin jinya da dawainiya a ko'ina su ne a kan fara mantawa da su, ita kuwa ta sa sunansu kusa da na sarakuna.

Waɗanda suka karanta tarihin Ingila sun san Fulorans Naitingel, wadda ta buɗe makarantar horar da masu jinya a Landan a 1860. Aikin nasu ba iri ɗaya ba ne, gama waccan ta asibiti ce da ilmin likita, wannan kuwa ta addini ce da taimakon juna a cikin gidaje. Amma sun haɗu a kan abu guda, watau tausayi kaɗai ba ya isa, sai an zaɓi mai yi, an koya masa, an riƙa duba shi. A lokacin da aka buɗe makarantar Landan, jajojin Asma'u sun fi shekara ashirin suna bin hanya.

Ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. A nan ne a ke gane ko gini ya yi ƙwari. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauka, bayan Maryamu kuma Tamodi ta riƙe shi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sake kama, amma mata ba su daina zuwa ba. Takardunta suka zauna a gidan Waziri har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa wata Baturiya, Jean Boyd, waɗannan takardu, ta fitar da tarihinta da Turanci a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta suka buga a 1997. Makarantun mata da yawa a Arewa suna ɗauke da sunanta.

To, 'yan'uwa, abin da ya sa muka ɗauko wannan labari ba yabo kaɗai ba ne. Tun daga wajen 2011 rashin zaman lafiya ya raba mutane da yawa da ƙauyukansu a Zamfara, ƙasashen Maradun da Bakura da Talata Mafara ba su tsira ba. Kamar yadda ya faru a zamanin Sabon Gari, tsofaffi da naƙasassu da matan mamata su ne suka fi shan wuya, masu dawainiya da su kuwa yawanci mata ne da ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu kome, balle ya gode musu. Waɗansunmu in sun fita daga nan za a ba su mutane su horar. Ran nan sai mu tuna da tambayoyin da Nana ta amsa da aikinta. Wa mutanen gari suka amince da shi? Da wane harshe zai fi ganewa? Wace alama za a ba shi don a girmama shi? In abu ya shige masa duhu, wurin wa zai koma? In kuma mu mun kau, wa muka shirya ya ɗauka?

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da jajojinta, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba. Allah Ya ba mu ikon koyi da su, amin.