Tomas Maltus, malamin da ya auna bakuna da rumbu

An haifi Tomas Maltus a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1766. Mahaifinsa mai hali ne, yana da yaƙinin cewa zaman duniya gyaruwa zai yi ta yi. Ɗan ya yi karatun lissafi a jami'ar Kambirij, ya zama limamin coci, bai kuwa yarda da ra'ayin uban ba.

Gardamarsu ce ta haifi littafin da ya fitar a 1798 ba da sunansa ba. Bisa lissafinsa, in ba abin da ya tare jama'a, ninkawa take kowace shekara 25: 1, 2, 4, 8. Cimaka kuwa da ƙyar take hawa: 1, 2, 3, 4. In bakuna suka fi ƙarfin rumbu, yunwa da annoba da yaƙi ke rage su. Da wannan hujja ya soki taimakon da ake ba matalauta a Ingila. Ya yi baƙin jini, kuma ba a banza ba, don mai jin yunwa ya ɗora wa laifin yunwarsa. A bugun 1803 ya sassauta, ya ba da shawarar jinkirta aure. Shi kansa sai da ya shekara 38 ya yi.

Daga 1805 ya koyar da tarihi da tattalin arziki har mutuwarsa a 1834. A zamaninsa mutanen duniya wajen miliyar 1 ne. A 2022 sun kai miliyar 8. Takin zamani da injuna da ingantaccen iri, waɗanda bai hango ba, sun ɓata masa lissafi. Sai dai a wurare da dama gonaki sun gaji, rijiyoyi na ƙara zurfi, masana kuma ba su daina gardama kan littafinsa ba.