MARIGAYI DOKTA YUSUFU BALA USMAN: JIKAN SARKI, MALAMIN TALAKAWA

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani malamin tarihi wanda bai bar iliminsa ya kwanta a cikin aji ba.

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1945. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko, wanda Turawan mulkin mallaka suka naɗa a 1906. Gidansu ya yi suna a wasan ƙwallon dawaki, wasan da hafsoshin Turawa suka shigo da shi ƙasar nan, wanda ya zama wurin haɗuwar Razdan da sarakuna. Sarki Dikko ne ya dasa shi a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa ƙwarai. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida, hanyar sarauta da jin daɗi a buɗe take gare shi. Amma Bala sai ya zaɓi alli da allo.

Bayan ya yi digiri a Jami'ar Lancaster ta Ingila, ya koyar da tarihi a Kwalejin Barewa da ke Zariya. Daga nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya sami digirin dokta a 1974 da bincikensa a kan tarihin Katsina. A cikin wannan aiki ya nuna cewa marubutan Turawa sun matse tarihinmu ya zama rigimar Haɓe da Fulani kawai, alhali noma da fatauci da hijirar jama'a da addini su ne suka gina garuruwanmu. Ya koya wa ɗalibansa su riƙa tambayar wanda ya rubuta labari, da kuma wanda labarin ya amfana.

A 1976, yana cikin kwamitin tsara tsarin mulki, shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu mai kare haƙƙin talaka. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin jam'iyyar PRP, wadda ta soke haraji da jangali a 1979. Iyayenmu na ƙasar Dutse ma sun shaida wannan sauƙi, domin a lokacin muna cikin Jihar Kano, ƙarƙashin Gwamna Abubakar Rimi. A 1987 ya fitar da littafi a kan yadda masu neman mulki ke amfani da addini wajen raba kan jama'a.

Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005. Ya kamata ƙungiyarmu ta nemo littattafansa ta ajiye a ɗakin karatun makarantarmu, domin ƙannenmu su san shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.