Alfred Büchi, Uban Turbo

Shi ma ɗan poli ne fa. An haifi Alfred Büchi a Winterthur, ƙasar Suwizalan, a 1879, ya gama kwalejin fasaha ta Zurich a 1903. Abin da ya dame shi, ƙarfin da injin ke zubarwa ta salansa a banza. A 1905 ya yi rajistar dabararsa: hayaƙi ya juya fanka, fanka ta cusa ƙarin iska cikin injin. Sai dai ƙarafan zamanin ba sa jure zafin, zafin da har yau, in baƙin mai ya lalace, yake cinye turbon tsohuwar mota. Shekara 20 yana fama kafin abin ya kankama a injinan dizal, a 1925. Ya rasu a 1959, bai ga turbo a motar gida ba.