Thomas Crapper, mai aikin famfon da ya fito da masai fili

An haifi Thomas Crapper a garin Thorne na yankin Yorkshire, a arewacin Ingila, a shekarar 1836. Mahaifinsa, Charles, ma'aikacin jirgin ruwa ne.

A 1853 ya fara koyon aikin famfo a hannun wansa George, a unguwar Chelsea ta birnin Landan. A 1861 kuma ya buɗe nasa kamfanin, wanda ya mallaki maƙerar tagulla tasa ta kansa a titin Marlborough.

Ya fara sana'ar ne a daidai lokacin da Landan ke fama da ƙazanta. Cutar kwalara ta yi wa birnin ɓarna a 1854, sannan a 1858 warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisar dokoki, abin da ya sa aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Da magudanan suka samu, sai masu gidaje suka shiga neman masai mai ruwa.

Jama'a da dama na ɗauka cewa Mista Crapper ne ya ƙirƙiro wannan masai, amma tarihi bai nuna haka ba. Tun a 1596 Sir John Harington ya bayyana irinsa a rubuce. A 1775 wani mai haɗa agogo ɗan Scotland, Alexander Cumming, ya yi rajistar lanƙwasasshen bututun nan da ruwa ke kwanciya a cikinsa don ya tare wari, shekaru uku bayan haka kuma Joseph Bramah ya inganta bawul ɗin masan. Wani littafi da Wallace Reyburn ya wallafa a 1969 ne ya ƙara wa labarin Mista Crapper gishiri, har aka kasa bambance gaskiya da almara.

Abin da ya yi shi ne gyara, da kuma talla. Ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire tara, uku daga ciki sun shafi masai. A zamanin da Turawan Ingila ke jin nauyin ambaton ban-ɗaki, shi ya jera masai da baho a shagonsa, kowa ya zo ya gani da idonsa.

A shekarun 1880 aka ba kamfaninsa aikin famfo a gidan sarauta na Sandringham, na Yarima mai jiran gado wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai. Daga nan ya samu lasisin yi wa fadar Ingila aiki.

Babbar damuwar masu aikin famfo na zamaninsa ita ce ɓarnar ruwa. Tankunan farko bawul ne ke toshe ƙasansu, da ya ɗan ci sai ruwa ya yi ta zurarewa dare da rana. Maganin da kamfanin Crapper ya yayata shi ne tanki mai zuƙo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jan fetur da tiyo daga tankin mota ya san dabarar: idan aka ja hannun, wani faifai zai ɗaga ruwa ya tsallake ƙololuwar lanƙwasasshen bututu, daga nan ruwan ya ci gaba da jan kansa har sai iska ta shiga. Tun da ba shi da rami a ƙasa, ba shi da inda zai yi yoyo zuwa cikin masai. Birtaniya ta riƙe wannan tsari a dokance har 2001, lokacin da aka halatta tankuna masu bawul.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne ƙwallon da ke yawo a saman ruwa. Idan ruwa ya sauka, ƙwallon zai bi shi ƙasa, hannunsa ya buɗe hanyar shigowar ruwa. Idan tanki ya cika, sai ya taso ya rufe ta.

Yawancin matsalolin tankin masai a waɗannan wurare biyu suke. Idan ruwa na ambaliya ta bututun gefe, ko dai ƙwallon ya yi sama da yawa, a sauke hannunsa kaɗan, ko ya huje ya sha ruwa, ko kuma 'yar robar da ke rufe hanyar ta ci. Idan sai an ja hannu sau uku ko huɗu kafin ruwa ya sauko, ledar da ke kan faifan ce ta yage. Tankunan yanzu masu maɓalli kuwa, robar ƙasansu ce ke taurarewa, ko yashin rijiyar burtsatse ya maƙale mata. A zuba bula kaɗan a tanki a jira. In shuɗi ya bayyana a cikin masai ba tare da an ja ba, to akwai yoyo. Kafin a taɓa komai dai, a fara kashe famfon da ke kawo ruwan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar Jigawa, wadda a 2022 ta zama ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili. A garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram da Kiyako, magidancin da ya sa masai mai ruwa galibi da kuɗinsa yake ɗora ruwa sama, ko da janareta ko daga hannun 'yan ga-ruwa, kuma 'yar roba guda na iya kwashe masa shi kafin asuba.

Mista Crapper ya yi ritaya a 1904, ya bar kamfanin a hannun ɗan wansa George da abokin kasuwancinsa Robert Marr Wharam. Ya mutu a ranar 27 ga watan Janairun 1910 a unguwar Anerley, aka binne shi a maƙabartar Elmers End. Har yanzu akwai murafan magudanar ruwa masu ɗauke da sunan kamfaninsa a harabar Westminster Abbey da ke Landan.